Chris Dailey: Shekara 40 tana mataimakiya, kofi 12 ya bi ta hannunta

Duk wanda ya taɓa riƙe shago ya san cewa sunan da ake rubutawa a bakin ƙofa na mutum ɗaya ne, amma sau da yawa akwai wani a ciki wanda ya san inda kowane kaya yake, ya san mai biya da mai cin bashi, wanda in ya yi tafiyar kwana uku sai ciniki ya rikice. To jama'a, a fagen wasanni ma haka abin yake. A wannan mako mun leƙa ƙasar Amurka domin mu kawo muku labarin wata mata mai suna Chris Dailey, mataimakiyar mai horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƴan mata a jami'ar Connecticut, wadda aka fi sani da UConn. A shekarar 2025 ta cika shekara 40 a kan kujera ɗaya, kusa da mai gida ɗaya, kuma a tsawon wannan lokaci ƙungiyar ta ɗauki kofin jami'o'in ƙasar har sau 12.

Daga filin wasa

An haifi Chris Dailey a shekarar 1959 a garin New Brunswick na jihar New Jersey. Ta taso a daidai lokacin da ƙofa ta fara buɗewa ga ɗiya mata a wasanni, domin a 1972 ne Amurka ta kafa dokar da ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Wannan doka ce ta tilasta wa jami'o'i su fara kashe kuɗi a kan wasannin mata.

Ta shiga jami'ar Rutgers da ke garinsu, inda ta yi wasa a ƙarƙashin wata sananniyar mai horarwa, Theresa Grentz. A shekararta ta ƙarshe, wato 1982, tana cikin kyaftin-kyaftin ɗin ƙungiyar lokacin da suka doke jami'ar Teksas da ci 83 da 77 a birnin Filadelfiya, suka ɗauki kofin ƙasa na hukumar AIAW, wadda mata ne suka kafa ta suna tafiyar da ita. Wannan shi ne kofin ƙwallon kwando na ƙarshe da hukumar ta bayar, saboda a shekarar ce babbar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta fara shirya tata gasar ta mata, ta janye manyan makarantu. A ranar, wata abokiyar wasanta Patty Coyle ce ta yi fice wajen zuba ƙwallo. Ita Dailey, tun a lokacin, aikinta shi ne riƙe ƙungiya.

Da ta gama karatu sai ta shiga aikin horarwa kai tsaye. Ta yi shekara ɗaya tana mataimakiya a jami'ar Cornell, sannan ta koma Rutgers ta yi shekara biyu.

Ƙungiyar da ba ta da komai

A 1985 jami'ar Connecticut ta ɗauki wani matashi haifaffen Italiya, Geno Auriemma, domin ya horar da ƴan matanta. Shi kuma ya nemi Dailey ta zo ta taya shi. In aka duba da idon ɗan kasuwa, wannan ba ciniki ba ne mai kyau. Za ta bar makarantar da ta ci kofin ƙasa, ta tafi Storrs, wani ƙaramin gari da jami'arsa ta faro a matsayin makarantar koyon noma, wajen ƙungiyar da sau ɗaya tak a tarihinta ta taɓa gama shekara da nasarori sun fi faɗuwa yawa. Duk da haka ta amsa.

Shekarar farko sun ci wasa 12, an ci su 15. Daga wannan shekara har zuwa 2025 ba su sake gama kakar wasa da faɗuwa ta rinjayi nasara ba. A 1988 aka ɗaga matsayinta ta zama babbar mataimakiya.

Mene ne aikin mataimaki?

Mai kallo a talabijin yana ganin mai horarwa ne kawai tsaye bakin fili yana ɗaga murya. To sai dai a jami'a ba a sayen ƴan wasa daga wata ƙungiya a ajiye su shekara goma. Yarinya takan yi kamar shekara huɗu ta gama karatu ta tafi, don haka kowace shekara sai an nemo sababbi. Wannan nema yana cikin manyan ayyukan Dailey: ta bi makarantun sakandare tana kallon wasa, ta gano wadda ke da ƙwazo da hali, ta zauna da iyaye ta shawo kansu su ba da ɗiyarsu ga makarantar da ke nesa da gida. Kamar dai mai saro kaya ne, in ya yi kuskuren zaɓe tun daga sari, babu dabarar da za ta cece shi a rumfa.

Haka zalika ita ke horar da dogayen ƴan wasa masu tsayawa a ƙarƙashin kwando. Ta hannunta Rebecca Lobo da Kara Wolters da Tina Charles da Breanna Stewart suka bi, waɗanda dukansu an zaɓe su gwanayen shekara a ƙasar, kuma suka ci lambar zinariya a gasar Olamfik.

Sai kuma tarbiyya, wadda a nan ne sunanta ya fi fita. Tsofaffin ɗalibanta sun sha ba da labarin dokokinta: a cusa riga cikin wando, babu fenti a farce ranar wasa, a yi shiga ta mutunci in za a yi tafiya, a gaida mutane a yi musu godiya. Wasu na ganin tsauri ne ya yi yawa. Amma hikimar a fili take, domin wadda ta saba kula da ƙaramin abu kullum ba za ta yi sakaci da babba ba ranar da wasa ya yi zafi.

Ranar da mai gida ba ya nan

Ba a sanin amfanin mataimaki sai ranar da mai gida ya ɗaga. A 1989 an dakatar da Auriemma saboda wani kuskure wajen lissafin yawan wasannin shekarar, sai Dailey ta ja ƙungiyar zuwa gasar yankinsu ta Big East, ta ciyo kofin, wanda shi ne karo na farko da makarantar ta ɗauke shi. A 1997 mahaifinsa ya rasu ana cikin wannan gasa, ta sake riƙe ƙungiyar suka yi nasara. A watan Maris na 2021 cutar korona ta kama shi a bakin gasar ƙasa, wadda faɗuwa ɗaya ke mai da ƙungiya gida, sai ta jagoranci wasa biyu na farko ta cinye su. A ƙarshen 2022 da farkon 2023 ma ta sake tsaya masa. Har zuwa wannan lokaci, ba a taɓa cin ƙungiyar ba a wasan da ita ta jagoranta.

Kofin ƙasa na farko ya zo a 1995, inda suka yi wasa 35 ba a ci su ko sau ɗaya ba, suka doke jami'ar Tennessee a wasan ƙarshe. Daga nan suka ɗauka a 2000, sannan sau uku a jere daga 2002 zuwa 2004, sai 2009 da 2010, sai kuma sau huɗu a jere daga 2013 zuwa 2016. Tsakanin 2014 da 2017 sun ci wasa 111 a jere kafin jami'ar Mississippi State ta tsayar da su. Bayan shekara tara babu kofi, a watan Afirilu na 2025 suka doke jami'ar South Carolina da ci 82 da 59, suka cike na 12.

Sunan wa ake rubutawa?

Ga inda maganar take. A ranar 20 ga Nuwamba 2024 Auriemma ya kai nasara ta 1,217, abin da ya sa ya zarce duk wani mai horarwa a babban rukunin jami'o'in Amurka, na maza da na mata. A littafin tarihi sunansa kaɗai ne a gefen wannan adadi, har da wasannin da ba ya wurin. Dailey ta samu damar tafiya ta zama shugaba a wasu jami'o'i, ta riƙe tata ƙungiya da sunanta a sama, amma ta zaɓi zama. Akwai masu cewa ta tauye kanta, musamman ganin cewa mata da yawa na fafutukar samun irin wannan shugabanci. Akwai kuma masu cewa ta san inda ƙarfinta yake, ta kuma san cewa abin da suka gina su biyu ya fi abin da kowannensu zai gina shi kaɗai.

A namu ganin, magana ta biyu ta fi nauyi, amma da sharaɗi. Zama irin wannan ba ya ɗorewa sai in mai gida ya yarda a faɗa masa gaskiya, ya kuma faɗa a gaban jama'a cewa ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Auriemma ya sha yin haka, kuma a daren da ya kafa tarihin su biyu aka karrama tare. Tun a 2018 ma an shigar da ita zauren girmama gwanayen ƙwallon kwando na mata da ke birnin Knoxville, inda galibi shugabanni da taurari ake sakawa.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai shago da ke da amintaccen yaro, da uwar ɗaki da ke da yarinyar da za ta bar wa rumfa da kuɗi ta tafi sari hankali kwance, su duba su gani ko suna ba su haƙƙinsu da girmansu. Shi kuma wanda ke tsaye a matsayi na biyu, ya sani ba ƙaramin wuri yake riƙe ba.