Idon Kowa da Harshen Kowa Daban Ne

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ji gardama a bakin akushi. Wannan ya ce miyar shuwaka ta cika ɗaci, wancan ya ce daidai take. Dukansu gaskiya suka faɗa, gama harsunanmu ba ɗaya ba ne.

A shekarar 1931 wani masani a Amurka, Arthur Fox, ya gano wani sinadari wanda waɗansu ke jin ɗacinsa ƙwarai, waɗansu kuwa ba sa jin kome. Daga baya aka tabbatar gado ne. Shekaru ma suna da nasu: yara sun fi manya jin ɗaci, tsofaffi kuma ɗanɗanonsu yakan ragu.

Haka yake ga ido. Akwai mutanen da ba sa iya rarrabe ja da kore, ko da yake suna gani sarai. John Dalton na Ingila, wanda shi kansa yana da wannan matsala, ya bayyana ta a 1794. Ta fi samun maza, kuma ɗa yakan gaje ta ta wajen uwa. Ba baki aka yi wa mutum ba, kada mu yi masa ba'a.

Me ya sa muke wannan magana? Domin akwai wuraren da dogara ga ido ko harshe kaɗai zai iya jawo asarar rai.

Na ɗaya, ruwan gishiri da sukari na yaro mai gudawa. Kada mu ɗanɗana mu ƙara gishiri, gama gishiri mai yawa yana cutar da yaro. A auna: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi.

Na biyu, ma'aunin damtse na gano tamowa. Mai awo ya karanta lamba, kada ya tsaya ga launi. Ƙasa da santimita 11.5 shi ne ja, sai a kai yaron asibiti ba da jinkiri ba.

Na uku, maganin feshi. Jan layi a ƙasan takardar kwalba alamar guba mai ƙarfi ce. Wanda launi ke rikita shi ya nemi wani ya duba masa.

In mun lura yaro yana rikita launuka, mu gaya wa malaminsa da ma'aikacin lafiya. Mu yi haƙuri da juna, mu kuma riƙa aunawa.