Ƙananan feftayid da aka yi shekaru ana tsallakewa, da abin da suke faɗa game da dajin hanta

Lokacin da aka kammala karanta kundin gadon ɗan Adam a shekarar 2003, masana sun ƙidaya ƙwayoyin gado kusan 20,000 da ke ba da umarnin haɗa furotin, kuma duka ba su kai kashi 2 cikin 100 na kundin ba. A wajen wannan ƙidaya an bi wata ƙa'ida: duk umarnin da ba zai samar da jerin amino asid 100 ba, sai kwamfuta ta ajiye shi gefe. An yi haka ne don kauce wa shirme, domin gajerun jeri kan faɗo bisa katari. Sai dai a cikin tsakuwar da aka zubar akwai aya. Ƙananan furotin da ake kira feftayid, waɗanda ƙa'idar ta tsallake, yanzu suna cikin abubuwan da masu binciken dajin hanta suka zuba wa ido.

Yadda aka gano su

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne wata dabara da Nicholas Ingolia da Jonathan Weissman suka fito da ita a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a 2009. Dabarar tana nuna ainihin wuraren da injinan haɗa furotin na cikin ƙwayar jiki suke aiki a kai. Da aka duba, sai ga injinan suna zaune a kan sassan da aka daɗe da yi wa laƙabi da marasa umarni.

Ƙanƙanta ba ta hana tasiri. Insulin, wanda aka gano a 1921, amino asid 51 ne kacal. A 2015 masu bincike a Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka bayyana MOTS-c, mai amino asid 16, wanda ke da hannu a yadda tsoka ke amfani da sukari. A shekarar ce kuma ɗakin binciken Eric Olson a Dallas ya bayyana myoregulin, mai 46, wanda ke daidaita zirga-zirgar sinadarin kalsiyam a cikin tsoka. An kuma lura cewa da yawa daga cikin waɗannan feftayid sun fi taruwa a maitokondiriya, wato tashar wutar ƙwayar jiki. A nan ne labarinsu ya haɗu da na daji.

Yadda daji ke cin abinci

Tun a shekarun 1920 Otto Warburg, masanin nan ɗan Jamus da ya karɓi kyautar Nobel a 1931, ya lura cewa ƙwayoyin daji suna kwankwaɗar sukari fiye da kima. Lafiyayyar ƙwaya kan ƙona sukari ƙurmus a maitokondiriya, ta samu ƙunshin kuzari kusan 30 daga kowane ƙwayar gulukos. Ta daji kuwa takan tsaya a rabin hanya ko da akwai iskar oksijin, ta wadatu da biyu. A ido asara ce, amma ragowar da ba ta ƙona ba da shi take gina kitse da sauran kayan da sababbin ƙwayoyi ke buƙata.

A hanta lamarin ya fi nauyi, domin ita ce ma'ajiyar sukari, ita ke sarrafa kitse, ita ke tace guba. Idan daji ya kama ta, ya kama gaɓar da ke riƙe da mabuɗan rumbu.

Misalai uku sun nuna inda binciken ya dosa. A 2017 masu bincike a ƙasar Sin suka nuna cewa wani feftayid mai amino asid 53, daga sashen HOXB-AS3, yana hana ƙwayoyin dajin hanji samar da PKM2, sinadarin da ke taimaka musu bin hanyar Warburg. Idan ya ragu, dajin kan yi ƙarfi. A 2020 aka bayyana SMIM30, mai 59, wanda ke yawaita a dajin hanta, yana ingiza ƙwayoyin su yaɗu. A 2022 kuma wani bincike ya nuna cewa MPM, mai 56, yana taka wa sashe na farko na injin numfashin maitokondiriya burki, kuma raguwarsa a dajin hanta na tafiya tare da bazuwar cutar zuwa wasu gaɓoɓi. Wannan na ƙarshe ya nuna cewa daji bai yi watsi da maitokondiriya ba. Yana komawa gare ta idan zai yi ƙaura.

Abin da ake fata

Buri biyu ne a gaba. Na farko alamar gano cuta da wuri. Gwajin jini na AFP da ake yi yanzu yakan tsallake ƙananan ƙari da dama, shi ya sa ake haɗa shi da hoton ciki. Na biyu magani: a toshe feftayid mai ingiza daji, ko a mayar da wanda ya ɓace. Buƙatar a fili take. Sorafenib, da aka amince da shi a 2007, ya ɗaga matsakaicin tsawon rai daga wata 7.9 zuwa 10.7 ne kawai a babban gwajinsa. Haɗin atezolizumab da bevacizumab na 2020 ya fi shi, amma tsadarsa ta fi ƙarfin albashin yawancin ma'aikata.

Sai dai binciken feftayid har yanzu a kan ƙwayoyin ɗakin gwaji da ɓeraye da samfuran tiyata yake. Feftayid kan narke da sauri a cikin jini, kai shi cikin ƙwaya ma aiki ne ja. Duk mai tallar allura ko ƙwayar “feftayid” da sunan maganin dajin hanta a yau, kuɗin mutane yake nema.

Inda ya shafi Najeriya

Alƙaluman hukumar binciken daji ta duniya na 2022 sun nuna sababbin masu dajin hanta kusan 866,000 da mace-mace kusan 758,000, abin da ya sa shi na uku wajen kisa a cikin cututtukan daji. A Afirka ta Yamma manyan musabbabai biyu ne: ciwon hanta nau'in B, da gubar afalatoksin da ke fitowa daga fumfunar gyaɗa da masara da ba su bushe da kyau ba. Idan suka haɗu a jiki ɗaya, haɗarin yakan ninka. Binciken ƙasa na 2018 ya samu ciwon hanta nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na ’yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64. Wani nazari da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara da aka duba, matsakaicin shekarun mai dajin hanta 46 ne, kuma rabin majinyatan ba sa wuce wata biyu da rabi bayan ganowa. Shekarun ganiyar aiki ke nan, lokacin da yara ke makaranta.

Galibin samfuran da ake binciken feftayid da su daga Asiya suke. Gubar afalatoksin kuwa tana barin tabo na musamman a ƙwayar gadon TP53, wanda ya yawaita a majinyatan yankinmu. Alamar da ta yi aiki a Shanghai sai an gwada ta a kan majinyatan Zariya da Ibadan kafin a dogara da ita. Hakan na buƙatar rumbun adana samfura mai wutar da ba ta yankewa, da rajistar masu daji, da kuɗin bincike da ake saki a kan kari. Waɗannan abubuwa ne da ake yanke hukunci a kansu a teburan kasafin kuɗi na Abuja, da Cibiyar Bincike da Kula da Cutar Daji ta Ƙasa.

Kafin nan, abin da ke hannu ya isa ya ceci rayuka masu yawa. Rigakafin ciwon hanta nau'in B ya shiga jadawalin yara na ƙasa a 2004, don haka yawancin ma'aikatan da aka haifa kafin lokacin ba su samu ba. Gwajin jini ɗaya ke nuna matsayin mutum. Wanda ba shi da cutar sai ya yi allura uku. Wanda ke da ita akwai tenofovir da ke danne ta idan likita ya ga dacewa, tare da hoton ciki duk bayan wata shida. Jariri kuma a yi masa allurar farko cikin sa'o'i 24 da haihuwa.