Manhajojin rage ƙiba a waya: wacce ce ta san tuwo da fura?

Wanda likita ya ce masa ya rage nauyi saboda hawan jini ko ciwon sukari, in ya buɗe Play Store a wayarsa zai tarar da manhajoji barkatai, kowace tana alkawarin taimaka masa. Matsalar da suke kasuwa a kanta ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima. Sai dai manhajojin ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma akasarinsu an ƙera su ne da abincin Turawa a zuciya.

Kusan dukkansu da tambayoyi iri ɗaya suke farawa: shekaru, tsawo, nauyi da yawan motsa jiki. Daga nan sai su lissafa ma'aunin da ake kira IMC da Faransanci. Mutum mai kilo 90 da tsawon mita 1,70 yana da IMC 31. A ma'aunin OMS, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma an shiga ƙibar da ke zama cuta. Bayan wannan lissafi ne hanyoyinsu suke rabuwa.

Rukuni na farko su ne masu ƙirga kalori, wato ƙarfin da abinci ke ba jiki. MyFitnessPal ta Amurka, wadda ta fito a 2005, ta fi shahara, kuma tana da jerin abinci mai yawan gaske. Rauninta shi ne masu amfani da ita ne suka shigar da da yawa daga cikin bayanan, don haka abinci ɗaya kan fito da alƙaluma daban-daban. Yazio ta Jamus tana da Faransanci da tsari mai sauƙin bi. FatSecret ta Ostareliya tana barin yawancin ayyukanta kyauta. Cronometer ta Kanada ta fi tantance bayananta, tana kuma nuna bitamin da sinadarai irin su ƙarfe, abin da zai amfani mai fama da ƙarancin jini.

Rukuni na biyu shirye-shirye ne na kuɗi da ke neman sauya ɗabi'ar cin abinci. WeightWatchers, wanda Jean Nidetch ta kafa a New York a 1963, yana ba kowane abinci maki, mutum kuma yana da adadin makin da zai kashe a rana. Noom tana raba abinci zuwa launi uku, tana ba da gajerun darussa kullum kan dalilan da ke sa mutum ci ba tare da yunwa ba. Rukuni na uku, irin Foodvisor ta Faransa, hoton kwano ake ɗauka, manhajar ta yi hasashen abin da ke ciki.

Inda gizo ke saƙar shi ne gaban kwanon gida. Manhaja ta san gwangwanin lemo sarai: Coca-Cola na santilita 33 yana da sukari giram 35 da kalori wajen 140. Tuwon hatsi da miyar kuka, dambu da zogala, fura da nono ko kilishi kuwa, wani lokaci ba a samun su sam, in an samu ma ba a san wanda ya auna ba. Kyamara ba ta ganin man da ya shige cikin shinkafa, alhali cokalin miya ɗaya na mai yana da kalori wajen 120, domin giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sukari ko sitaci kuma 4. A gidan da ake cin abinci a kwano ɗaya, babu wanda ya san giram nawa ya ci. Haka ma shayin majalisa: ƙananan kofuna ne, amma sukarin ciki yana taruwa, kuma shi ne mutane suka fi mantawa su rubuta. OMS na ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kimanin giram 50 ga mai cin kalori 2.000.

Akwai mafita ga mai haƙuri. Yawancin masu ƙirga kalori suna ba da damar shigar da girkin gida: a rubuta yawan gari, mai da naman da aka sa a tukunya, a raba da yawan masu ci. Hukumar FAO ta wallafa jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a bugun 2019, kuma alƙalumansa na gero, dawa da wake sun fi abin da wani baƙo ya shigar a manhaja inganci.

Ko sauke manhaja kaɗai na rage nauyi? Wani bincike da mujallar likitoci ta Annals of Internal Medicine ta buga a 2014 ya bi mutum 212 a Los Angeles na tsawon wata shida. Waɗanda aka ba MyFitnessPal ba su fi sauran rage nauyi ta yadda za a ce an ga bambanci ba, kuma yawancinsu sun rage buɗe ta bayan watan farko. Manhajar littafin rubutu ce kawai, tana amfani ne ga wanda yake rubuta gaskiya kullum.

Sai batun kuɗi da sirri. Biyan kuɗin wata ko na shekara yawanci sai da katin banki, kuma “gwajin kyauta” kan juye ya zama biya kai tsaye in ba a soke shi a kan lokaci ba. A 2022 kamfanin Noom ya amince ya biya miliyoyin daloli don kashe wata ƙara da abokan cinikinsa suka shigar a Amurka kan irin wannan cire kuɗi. A 2018 kuma masu kutse sun sace bayanan asusu kusan miliyan 150 na MyFitnessPal. Kalmar sirrin da aka sa wa irin wannan manhaja bai kamata ta zama ɗaya da ta imel ko ta Facebook ba.

Ga mazaunin Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, zaɓin da ya fi dacewa shi ne manhaja ta kyauta, mai harshen da yake karantawa, wadda ke karɓar girkin gida. Mako biyu na rubuta duk abin da ya shiga baki, har da shayi da fanke, sun isa su nuna inda yawan yake. Likitoci na ganin raguwar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ita ce mai ɗorewa. Mace mai ciki ko mai shayarwa, yaro mai tasowa, da mai ciwon sukarin da ke shan magani ko allurar insulin kuwa, kada su rage abinci bisa lissafin waya sai sun ga ma'aikacin lafiya, domin sukarin jini na iya faɗuwa ƙasa sosai, manhajar kuma ba ta san maganin da suke sha ba.