Ana Gudu, Sikeli Na Hawa

Shirinmu na musamman a yau zai duba wani ƙorafi da ya yi yawa a bakin masu motsa jiki a nan Kafanchan da kewaye.

Duk wanda ya yi sammako ranar Asabar ya bi ta filin wasa na gari, ko ya miƙe hanyar Kagoro, zai gan su: ma'aikata, malaman makaranta, 'yan kasuwa, iyaye mata an ci ɗamara an sa kambas, wasu na sassarfa, wasu na tattaki. Da yawansu likita ne ya ce su rage ƙiba saboda hawan jini ko ciwon suga. Bayan mako uku ko huɗu sai mutum ya biya kemis ya hau sikeli, ya ga kilo ɗaya ko biyu sun ƙaru. Daga nan sai ka ji ana cewa, "Ni dai gudun nan bai karɓe ni ba." Kambas kuma ya koma ƙarƙashin gado.

To, daga ina nauyin ya fito?

A makonnin farko, yawanci ruwa ne. Jiki yana da ma'ajiyar sukari a tsoka da hanta, masana na ce mata gilaikojin, wadda a jikin babban mutum takan kai kusan rabin kilo. Da an fara atisaye, tsoka sai ta ƙara yawan ajiyarta, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe ruwa wajen giram uku. Ga kuma tsamin jiki. Wanda ya taɓa hawa dutsen Kagoro ya san halin da cinyoyi ke shiga washegari, ko zama a kujera sai an dafa gwiwa. Wannan tsami 'yan ƙananan raunuka ne a cikin tsoka, jiki kuwa yana tura ruwa wurin don ya gyara. Shi kansa ruwan jini ƙaruwa yake yi. Sikeli ba ruwansa da wannan bayani. Ruwa, ƙashi, kitse, har tuwon daren jiya, duk kuɗin goro yake yi musu.

Wasu kan ce, "Ai tsoka na tara." Gaskiya ne tsoka ta fi kitse nauyi idan girmansu ɗaya, amma ba ta taruwa da sauri haka. Mai ɗaga ƙarfe ma sai ya shafe watanni, balle mai tattakin safe.

Idan kuwa an yi wata biyu ko uku, nauyi na hawa, wando na ƙara matsewa a ƙugu, to, maganar ta bar ruwa ta koma kwano. Mu yi lissafi. Mutum mai kilo 70 da ya yi tafiyar sauri ta awa ɗaya, abin da zai ƙona bai wuce kalori 300 ko kusa da haka ba. Robar lemo ɗaya mai rabin lita tana da kusan 200. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja, 120. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa kimanin 7,700 ne.

Yanzu ku bi mai gudun nan bayan ya gama. Zufa na zuba, yunwa na ci, ga mai ƙosai a bakin titi tana tsamo su da zafinsu, mai na ɗiga daga matsami. A sa ƙosai, a haɗa da soyayyar doya, a kora da kunu mai sukari. Da yamma abokai su ce a je wajen mai tsire, a ɗora da abu mai sanyi, zuciya na cewa ai yau an yi aiki. Kasuwar da a da yake zuwa da ƙafa, yau acaɓa zai hau, don ya gaji. Kafin dare an biya abin da aka ƙona, har da riba. Wannan ba kwaɗayi kaɗai ba ne, haka jiki yake: in an ɗebe masa, sai ya nemi a mayar.

A shekarar 2008 masu bincike daga Jami'ar Loyola ta Amurka sun wallafa wani nazari da ya kwatanta matan karkara a kudu maso yammacin Najeriya da baƙaƙen mata na yankin Chicago. Na Chicago sun fi nauyi nesa ba kusa ba. Amma da aka auna abin da jikinsu ke ƙonawa a rana, aka yi la'akari da girman jikin kowa, ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Masu binciken suka karkata ga cewa abinci ne ya raba su. Ni kam wannan bai ba ni mamaki ba. Uwar da ke haƙar citta a Kwoi ko Kachia tana shan wahala, babu musu, amma ku leƙa tukunyarta: faten acca ne, ganye ya fi yawa, mai ɗan kaɗan, lemon kwalba sai ranar biki.

Duk da haka kuskure ne a ajiye kambas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako ga babban mutum, kuma amfaninsa ga hawan jini da suga yana nan ko da allurar sikeli ba ta motsa ba. A ganina ma tef ɗin tela ya fi sikeli faɗin gaskiya. A auna ƙugu ta wajen cibiya, abin so kada ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 160, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 80. In za a hau sikeli, sau ɗaya a mako ya isa, da safe kafin karyawa, kuma a kan sikeli guda.

Akwai ƙibar da ba ta kwano ba ce. Magunguna irin su prednisolone da dexamethasone, waɗanda wasu ke sha a matsayin "sha-ka-fashe", suna sa jiki ya cika, haka ma insulin da wata allurar tazarar haihuwa ga wasu mata. Wanda likita ya rubuta masa kada ya daina da kansa, ya koma ya yi bayani. Wanda kuma ya ga nauyi ya ƙaru cikin 'yan kwanaki, ƙafafu sun kumbura, numfashi na yi masa wuya in ya kwanta, wannan yana iya zama zuciya ko ƙoda. Ya dakatar da gudu, ya nufi asibitin da ya fi kusa da shi a ranar.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.