Jita a ƙasar gurmi: Abin da mai kaɗa ta don sha'awa ke fama da shi a kudancin Jigawa

Kiɗa ba baƙo ba ne a kudancin Jihar Jigawa. A duwatsun Birnin Kudu akwai zanen mutanen da, akwai kuma duwatsun da ke amo kamar kuge idan an buge su, waɗanda masanin tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu cikin shekarun 1950. Daga Haɗejiya kuwa marigayi Haruna Uji ya fito da gurminsa. Duk da haka, malamin makaranta ko ɗan tireda da ya sayi jita don debe kewa a Yalwan Damai ko Gwaram, kusan shi kaɗai yake tafiyarsa.

Ƙalubale na farko yana jikin kayan kiɗan. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, garaya biyu, molo uku. Jita kuwa tsirkiya shida ce, kuma an gitta wa wuyanta ƙarafa da ke yanka amo hawa 12 kafin ya maimaita kansa. Yawancin waƙoƙin gargajiyar Hausa a kan hawa biyar suke tafiya, saboda haka mai koyo sai ya gane waɗanda zai taka da waɗanda zai tsallake. Makonnin farko yatsu na zafi har su yi kanta, kuma a nan da yawa ke ajiye ta.

Na biyu shi ne yanayi. Masu ƙera jita suna ba da shawarar a ajiye ta inda danshin iska ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, alhali da hunturu danshin Arewa kan faɗi ƙasa da kashi 20. Sai katakon ya tsuke, amo ya karkace, wani lokaci fuskar jitar ta tsage. Maganinsa mai araha ne: a rufe ta cikin akwatinta tare da soso mai ɗan laima, a nisanta ta da rana da ɗakin kwano mai zafi. Da damina kuma tsatsa ke cin tsirkiya, shi ya sa ake goge ta da ƙyalle bayan kowane kiɗa. In ta tsinke, galibi sai an aika Kano.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne idon jama'a. A al'adar Bahaushe kiɗa sana'a ce ta gado da ke tafiya da roƙo, don haka ma'aikacin da aka gani da jita yakan sha tambaya, musamman wajen neman aure. Wasu malamai na ƙyamar kayan kiɗa masu tsirkiya, lamarin da ke sa mai sha'awa rage sauti da kiyaye lokutan salla. Ga kuma fiyano da kwamfuta da suka mamaye situdiyoyin Kano tun ƙarshen shekarun 1990, suka rage buƙatar mai kiɗa da hannu.

Wayar salula ta sauƙaƙa wasu abubuwan: akwai manhajar daidaita tsirkiya, akwai darussa a YouTube, in an samu data da caji. Abin koyi ma yana maƙwabtaka. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, yau yana wasa a Turai da Amurka. Bombino na Agadas kuwa ya shiga takarar kyautar Grammy a 2019.

Mai sha'awa a Yalwan Damai ba lallai ya kai can ba, kuma ba shi ne burinsa ba. Amma duk wanda ya iya ɗora karin gurmi a kan jita yana riƙe da wani abu da kwamfuta ba ta koyarwa, wato kunne da hannun da ke gane kiɗan gida.