Dam Ɗin Goronyo: Yadda Tulin Ƙasa Yake Tare Ambaliya

A arewa maso gabashin birnin Sakkwato, kusa da garin Goronyo, akwai wata doguwar ganuwa ta ƙasa wadda aka gitta wa Kogin Rima. Tsawonta kilomita 12.5 ne, tsayinta kuwa mita 21. An gama gininta a shekarar 1984, aka yi bikin buɗe ta a 1992. Tafkin da ke bayanta yana iya ɗaukar ruwa fiye da mita kubik miliyan 900. Domin ɗalibai su gane wannan lissafi, mita kubik ɗaya lita 1,000 ke nan, watau duro biyar na lita 200, nauyinsa kuma tan ɗaya cif.

An gina wannan dam domin abu biyu. Na fari, ya tare ruwan damina kada ya sauko gaba ɗaya ya cinye gonaki da ƙauyukan fadama, tun daga Goronyo har Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi. Na biyu, ya ajiye ruwan nan domin sha da noman rani. A baki aikin biyun nan kamar abu guda ne, amma za mu ga cewa ba kullum suke jituwa ba.

Mai karatu zai yi tambaya, ƙaƙa ƙasa za ta riƙe ruwa, alhali kowace damina muna ganin katangar laka tana zubewa? Amsar tana cikin yadda ake ginin. Ba a tara ƙasar haka kawai a yi tsibi. Akan shimfiɗa ta kaɗan kaɗan, kaurin kamar santimita 20, a yayyafa ruwa, manyan motoci su bi ta kai su danne, sa'an nan a sake wata shimfiɗar. Duk wanda ya taɓa ganin mata suna daɓen ɗaki ya riga ya ga tushen aikin. A yawancin irin waɗannan dam akan sa yumɓu a tsakiya, gama ruwa ba ya ratsa yumɓu da sauƙi. Bayan yumɓun akan jera yashi da tsakuwa, su bar ruwan da ya kutsa ya wuce amma su riƙe ƙasar. Fuskar da ke duban tafki akan lulluɓe ta da duwatsu saboda dukan igiyar ruwa, ta bayan kuma a shuka mata ciyawa.

Sa'an nan ba a miƙe yake kamar bangon aji ba. Ruwa yana ƙara ƙarfin turi gwargwadon zurfinsa: a zurfin mita 10, kowane fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya fāɗi yana ɗauke da nauyin tan 10. Saboda haka gindin dam yakan yi fāɗi ƙwarai. Ƙaramin dam na ƙauye mai tsayin mita 10, gindinsa yana iya kaiwa mita 60. Nauyinsa ne ke zaunar da shi.

Yanzu ga inda maganar take. Dam ba ya shanye ambaliya, jinkirta ta yake yi. Ruwan da zai wuce cikin kwana biyu ya yi ɓarna, sai a riƙe shi a riƙa sakinsa cikin makonni. Amma wannan ba ya yiwuwa sai da wuri a cikin tafkin. Randar da ta cika, ko moɗa ɗaya aka ƙara mata zuba za ta yi. Mai son tare ambaliya yana so watan Agusta ya tarar da tafki da sauran wuri. Manomin rani da mai ba birni ruwan famfo kuwa suna so damina ta ƙare tafki yana cike maƙil. Ma'aikacin da ke riƙe da ƙofofin dam yana tsakanin waɗannan biyu, ba ya kuwa da tabbacin yawan ruwan da zai sauko gobe.

Goronyo ya ɗanɗana duka biyun. A ƙarshen Agusta 2010 ruwan sama ya cika tafkin har abin ya zama abin tsoro. Aka buɗe ƙofofi a farkon Satumba domin a rage, ruwan ya shiga ƙauyukan da ke ƙasa. Bayan kamar mako guda mafitar rarar ruwa ta karye, ambaliya ta mamaye kwarin Rima, ta ci gidaje da amfanin gona gab da kaka, har ta yanke gadar da ke kai mutum Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shekara takwas bayan haka, a ranin 2018, tafkin nan ɗaya ya janye har ya rage wajen kashi 10 cikin 100, hankalin mutanen Sakkwato ya tashi saboda ruwan sha. A ganina bai kamata mu yi saurin zagin mai buɗe ƙofa ba. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne, an buɗe da wuri kaɗan kaɗan, ko an jira sai da wuƙa ta kai ƙashi? An kuma sanar da mutanen ƙasa kafin a buɗe?

Mafitar rara da na ambata ita ce ran dam ɗin ƙasa. Hanya ce da aka tanada, sau da yawa da kankare, domin in tafki ya cika ruwa ya bi ta nan ya fita. Dalili kuwa, ruwa yana iya tsallake dam ɗin kankare ya bar shi tsaye, amma in ya hau kan na ƙasa ya fara gangarowa ta baya, zai ci shi kamar yadda yake cin hanyar ƙauye. Ƙaramar kwata ta zama rami, rami ya zama kwazazzabo, cikin 'yan sa'o'i ganuwar ta buɗe. Mutanen Kano ba su manta da Agusta 1988 ba, sa'ad da dam ɗin Bagauda ya fashe bayan ruwan sama mai yawa, ya hallaka mutane ya rushe dubban gidaje. Na kusa kuma shi ne na Alau a kan Kogin Ngadda, wanda ya ɓalle a Satumba 2024. Ruwa ya shafe babban sashe na Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, shekara 30 bayan ambaliyar 1994 a wannan birni.

Hanya ta biyu da dam ɗin ƙasa yake mutuwa ta fi wuyar ganewa, domin daga ciki take farawa. Kowane dam na ƙasa yana naso, wannan ba laifi ba ne. Haɗarin shi ne ruwan ya sami 'yar kafa ya fara jan ƙasa yana fita da ita. Kafar tana faɗaɗa, ruwan yana ƙaruwa, har ta zama kamar bututu a cikin ganuwar, samanta ya rufta. Misalin da injiniyoyi suka fi koyarwa daga Amurka yake. Dam ɗin Teton a jihar Idaho, mai tsayin mita 93, sabo ne ful, ana cika shi karo na farko. Da safiyar 5 ga Yuni 1976 aka ga ruwa mai laka yana fita ta bayansa. Aka tura motocin tura ƙasa su toshe, ramin ya haɗiye su, direbobin suka tsira da ƙyar. Kafin tsakar rana dam ya tafi. Mutum 11 suka mutu, da ba a yi shelar gudu da wuri ba kuwa da adadin ya wuce haka nesa.

Me ke buɗe wa ruwa irin wannan kafa? Wani lokaci kuskuren gini ne, kamar na Teton. Amma a ƙananan dam na karkara, irin waɗanda da yawa cikin ɗalibanmu suke da su a garuruwansu, abubuwan da muka saba gani ne. Itacen da aka bari ya girma a jikin ganuwa, in ya mutu saiwarsa ta ruɓe, ta bar hanya. Gara tana gina suri ta rarake ciki. Gafiya tana haƙa rami. Shanu suna hawa da sauka ta wuri guda har ciyawa ta mutu, zaizaya ta kama. Masu yin bulo suna ɗibar ƙasa a gindi domin ta fi kusa. Na ƙarshen nan ya fi ba ni haushi, domin mai yinsa galibi gidansa yana ƙasa da dam ɗin. Haka kuma yashi da laka da kogi yake kawowa kowace shekara suna kwanciya a tafki su rage masa ciki, har dam ɗin da dā yake ɗaukar ruwan babbar damina ya zo yana cika da matsakaiciya.

Ba sai mutum ya yi karatun injiniya zai lura da alamun ciwo ba. In ka bi ta bayan dam ka ga ruwa yana tsatsowa garau, yawansa bai sāke ba, ka sa ido kawai. In ka ga ya yi jaja-jaja da laka, ko yana ƙaruwa, ko yana ɓulɓulowa da yashi kamar tafasar tukunya, to dam ɗin ne yake fita da kansa. Haka nan tsagewa a kan ganuwa, ko wurin da ya lotsa, ko ruwan tafki yana juyawa wuri guda kusa da ganuwar, ko mafitar rara da ta toshe da itatuwa da shara. Kada ka tsaya toshewa da hannunka. Ka sanar da mai gari da ma'aikatan dam nan da nan. In kuwa aka ce a tashi, a bar kwari a nufi tudu mafi kusa ta gefe, kada a bi hanyar da ta bi bakin kogi, kada kuma a shiga ruwa mai gudu ko da iyakar gwiwa ne, gama wannan ma ya isa ya kā da babban mutum.