Sabulun gida: Rufin asiri da haɗarin da ke tattare da shi

Haɗa sabulu a cikin gida na daga cikin sana'o'in hannu da suka bazu tsakanin matan aure a biranen arewacin Najeriya, musamman tun bayan da tsadar rayuwa ta tsananta a shekara ta 2023.

Da bokitin roba da muciya da 'yan sinadarai, mace kan haɗa sabulun wanke-wanke da na wanki wanda zai ishi gidanta, ta sayar da ragowar ga maƙwabta, ta kuma ɗura wani a ƙananan robobi domin rabo a wurin biki ko suna.

Sai dai kuma likitocin yara a ƙasashen Afirka ta Yamma sun daɗe suna jan hankali game da ɗaya daga cikin sinadaran, wato soda mai ƙuna, wadda 'yan kasuwa ke kira kostik soda, saboda mummunar illar da take yi wa ƙananan yaran da suka sha ta bisa kuskure.

Dalilin bazuwar sana'ar

Sabulu dai ya daɗe a cikin harkar zumuncin Bahaushe. Yana cikin kayan barka da ake kai wa mai jego, yana cikin lefe, ana kuma haɗa shi da turare da atamfa idan za a je gaida dattijai. Abin da ya sauya shi ne kuɗinsa.

A ranar 29 ga watan Mayun 2023 ne Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, kuma a watan Yunin shekarar aka bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira. Ya zuwa watan Disamban 2024, hauhawar farashin kayayyaki ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, a cewar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa.

A cikin shekarar 2023 ɗin ne kuma kamfanin Unilever na Najeriya, mai yin Omo da Sunlight da Lux, ya ce zai fice daga harkar kayan wanki da sabulun wanka a ƙasar, yayin da Procter & Gamble, mai yin Ariel, ya ce zai daina sarrafa kaya a Najeriya ya koma shigo da su daga waje.

A irin wannan hali, koyon haɗa sabulu ya zama mafita mai sauƙi: jarin ba shi da yawa, kuma aikin ba ya buƙatar mace ta fita daga gidanta. Ƙungiyoyin mata da shirye-shiryen koyar da sana'o'i na koyar da shi, wasu kuma a hotunan bidiyo na WhatsApp da YouTube suke koya.

Daga ruwan toka zuwa soda

Asalin sabulu shi ne a haɗa mai ko kitse da wani sinadari mai kaifi da ke iya narkar da shi. Idan suka gauraya, sai su rikiɗe su zama wani abu dabam mai kumfa, wanda ke kama maiƙo da datti ya bi ruwa da su.

Iyaye da kakanni daga toka suke samun wannan sinadari. Akan ƙona karan dawa ko na gero, a tace tokar da ruwa, a dafa ruwan tokar da mai har ya kama jikinsa. Haka ake samun sabulun salo. A ƙasar Yarabawa da kuma Ghana, ɓawon koko da na agada ake ƙonawa, a haɗa da man alayyadi ko man kaɗanya.

Wannan hanya na cin lokaci da itace, kuma ƙarfin ruwan toka ba ya zama ɗaya a kullum. Shi ya sa masu sana'ar a yanzu suka karkata ga soda, wadda ake yi a masana'antu ta hanyar tura wutar lantarki a cikin ruwan gishiri. Fara ce kamar gishiri ko sukari, ana iya auna ta daidai, kuma ƙarfinta ya fi na ruwan tokar da aka saba tacewa nesa ba kusa ba.

A sabulun ƙulli, sodar ce ke juya manja ko man alayyadi ya zama sabulu. A sabulun ruwa kuwa, aikinta shi ne kashe kaifin wani sinadarin asid da ake kira salfonik, wanda shi ne ke yin ainihin wankin.

Idan awon ya yi daidai, sodar kan ƙare a cikin haɗin, ta yadda sabulun ba zai cuci fata ba. Saboda haka mafi yawan haɗarin yana faruwa ne kafin a gama haɗawa.

Inda haɗarin yake

Masu koyarwa kan umarci a jiƙa soda a ruwa a bar ta ta kwana ɗaya ko biyu kafin a yi amfani da ita. Da zarar ta narke ta huce, ba ta da launi, ba ta da wari, ido ba ya bambance ta da ruwan sha.

Idan aka ajiye ta a bokiti ko kofi ko robar lemo a tsakar gida, yaron da ya fara tafiya kuma ƙishirwa ta kama shi ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki. Kurɓa ɗaya na iya yin ɓarnar da za ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Dalili kuwa shi ne, yadda soda ke narkar da mai a cikin bokiti, haka take narkar da tsokar jikin ɗan Adam. Takan ƙona leɓe da harshe, ta gangara ta ƙona maƙoshi, wato hanyar da abinci ke bi zuwa ciki, ta kuma ci gaba da ratsa naman bayan an haɗiye ta.

Alamun farko sun haɗa da kuka mai tsanani da dalalar miyau da kumburin leɓe da ƙin haɗiya da amai, wani lokaci har da sarƙewar numfashi. Likitoci na gargaɗin cewa rashin ganin ƙuna a baki ba ya nufin cikin ya tsira.

Babbar matsalar kan bayyana ne bayan 'yan makonni, lokacin da iyaye ke zaton yaro ya warke. Yayin da ƙunar ke warkewa takan bar tabo, tabon kuma ya tsuke hanyar abinci. Sai yaro ya kasa haɗiye tuwo, daga nan ya kasa kunu, a ƙarshe ruwa ma ya gagare shi, ya yi ta ramewa.

Maganin hakan shi ne a riƙa zura wani bututu ana buɗa hanyar lokaci zuwa lokaci, aikin da kan ɗauki watanni ko shekaru. Wasu yaran sai an huda cikinsu ana ba su abinci ta bututu, wasu kuma sai an yanko wani sashe na hanjinsu an maye gurbin hanyar da ta lalace. Manyan asibitoci ne kawai ke iya irin wannan tiyata, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin mafi yawan iyalan da suka shiga sana'ar domin neman sauƙi.

A Saliyo, inda mata da yawa ke haɗa sabulu a gida, matsalar ta kai ga ƙungiyar agaji ta Emergency, mai hedkwata a Italiya, ta buɗe wani shiri na musamman domin irin waɗannan yara a asibitin da ta kafa a Goderich, kusa da birnin Freetown.

Idan tsautsayi ya auku

Abin da jama'a suka saba yi shi ne ɗura wa yaro manja, ko a sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai. Likitoci na hana duka biyun. Amai na dawo da sodar ta sake ƙona hanyar da ta bi, manja kuwa ba ya kashe ta, kuma yana iya jawo amai ko ya faɗa huhu.

Haka nan ba a ba shi lemun tsami da sunan kashe kaifin sodar, domin haɗuwarsu na haifar da zafin da ke ƙara ƙunar.

Abin da ya kamata shi ne a cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke bakinsa da fatarsa da ruwa, a garzaya da shi asibiti tare da mazubin abin da ya sha. Idan kuwa a ido ta fantsama, sai a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 zuwa 20 kafin a kama hanya.

Ƙa'idojin aiki

Masana harhaɗa sinadarai na cewa soda ake zubawa a cikin ruwa kaɗan-kaɗan. Idan aka zuba ruwa a kan soda, haɗin kan tafasa nan take ya yi tsalle zuwa fuska. Ana yin aikin a fili, da safar hannu ta roba da tabarau, kuma ba a amfani da tukunyar alminiyam domin soda na cin ta.

Sabulun ƙulli da aka haɗa ba tare da dafawa ba yana buƙatar mako huɗu zuwa shida yana shan iska kafin a yi wanka da shi ko a kai shi barka, musamman ganin cewa jikin jariri zai iya taɓawa.

Wasu kuma kan zuba fomalin a sabulun ruwa don kada ya lalace, alhali tun a 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sinadarin da ke cikinsa a jerin abubuwan da ke haddasa cutar ga ɗan Adam.

A doka, sai an yi rajista da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kafin a sayar da sabulu ga jama'a. To amma wanda aka haɗa a tsakar gida aka raba wa dangi ba ya bi ta gaban wani jami'i, kuma sau da yawa sodar kanta a ƙulle cikin leda ake sayar da ita, babu suna babu gargaɗi.

Wannan ya sa nauyin ya koma kan masu koyarwa da masu gida. Matakin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne a jiƙa soda a mazubi mai murfi da aka yi wa alama, wanda ba a taɓa shan ruwa da shi ba, a kulle shi a inda hannun yaro ba ya kaiwa, har zuwa lokacin da za a juye shi a cikin haɗin.